Kaurin Takarda Ɗaya

A Kuhmo, saura kwana uku a buɗe farauta,
na tura ƙofar shagon Raili Oinonen da kafaɗa,
dusar ƙanƙarar fari ta biyo ni har ciki.
Bindigar kakana Aulis na naɗe a bargo
kamar jinjirin da ake gudun ya farka.

Ba ta gaishe ni da baki ba, hannu ta miƙo.
Ta zare sakata, ta leƙa bututu a hasken taga,
ta cire allura, ta cire ƙugiyar da ke fizgo kwanso,
ta ce ƙarfe ba ya faɗin gaskiya
sai an raba shi da 'yan amshin shatansa.

Sannan ta buɗe wani ɗan akwatin katako.
Ma'aunai biyu kwance kamar tagwaye,
surar harsashi, amma ba albarushi, ba kai.
"Wannan sunansa Shiga. Wancan, Tsaya.
Tsakaninsu kaurin takarda ɗaya,
in ya yi yawa, ɗaya da rabi."

Na ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
Ta ce, "Idonka ya san kimar itacen girki.
Nan ba huruminsa ba ne."

Shiga ya shiga. Sakata ta rufe luf,
kamar ƙofar gidan da ya san takunka.
Ta sa Tsaya.
Da yatsa ɗaya tak ta taɓa, ba dole, ba gardama.
Nan ya kamata sakata ta cije a rabin hanya,
ta turje kamar jaki a bakin gada.
Sai ta sulale. Har ƙasa.

Shago ya yi tsit. Tukunyar kofi kaɗai ke gunaguni.

Na ce shekara arba'in da ɗaya tsoho na harbi da ita,
ko ƙwarzane bai taɓa kawowa gida ba.
Ta ce, "Ina kwanson ƙarshe da ya harba?"
Yana aljihuna. Tun ranar da muka binne shi yake can.
Ta juya shi ƙarƙashin fitila:
ga wani zobe mai sheƙi kusa da gindi,
siriri kamar yanar gizo.
Ta lanƙwasa bakin waya, ta zura ciki,
ta ba ni ta ce in ja a hankali.
Na ji ƙyas. Waya ta faɗa kwari.

"Kowane harbi, tagulla miƙa take ta cike ratar.
Mai haƙuri ce, amma ba roba ba ce.
Ran da ta gaji, daidai nan za ta tsinke,
wuta kuwa ba ta san gaba da baya ba.
Kuncin wa ke kan katako a lokacin?"

Na roƙa: Asabar kaɗai, harsashi ɗaya.
Ta ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.
Za ta kwance bututu, ta mai da shi baya murɗi guda,
ta sake sassaƙa ɗakin harsashi. Mako uku.
Ta ɗaura wa kunama jan zare, ta rataye bindigar,
ta zuba mini kofi ba ta tambaye ni ba.

Ran Asabar na fita hannu rabbana.
Suka ba ni igiyar kare, suka ajiye ni bakin fadama.
Da hantsi ya fito daga cikin fararen itatuwa,
tsayinsa ya kusa na raƙumi,
ƙahoninsa kamar tafukan mai addu'a,
numfashinsa na tashi fari.
Taku talatin tsakanina da shi. Na ƙirga.

Ya dube ni, ya gama dubana, ya wuce.
Hannuna na aljihu,
babban yatsana na ta zagaya zoben nan,
ina lissafin sau nawa tsoho ya dawo mana da yamma
a kan abin da bai kai kaurin takarda ba.