Riguna Goma Sha Takwas

Ni ke riƙe da makullin ɗakin kaya.
Ana sallame asuba na buɗe akwati, na ƙirga:
riguna goma sha takwas,
ɗaya asu ya cinye mata hammata.
Lamba tara har yau tana ƙamshin turaren Rabe,
wanda ya karɓi takardarsa ya shige Yamai,
ya bar mu da ragar da ba mai girgiza ta.

Damina ta ari filinmu, ba ta maido shi yadda ta ɗauka ba.
Ƙarangiya ta kafa gari a gefen hagu,
awakin unguwa sun fi mu sanin tsakiya.
Jiya da lauje muka yi atisaye.
Kyaftin Tasi'u yana yankan ciyawa
yana rabon maki da baki:
Tawa uku, Dosso uku,
Damagaram...
nan ya miƙe, ya share zufa, ya nemi ruwa.

Bara su suka fitar da mu.
Saura minti biyu, ƙwallo ta daki turke,
ta dawo ta daki ƙeyar Cindo, ta shige.
Ba wanda ya ce masa kanzil,
shirun ne ma ya ramar da shi.
Bana ya dawo daga Gidan Rumji
da wuya kamar turmi,
wata uku yana bin kunyar gero.
Ya tsaya bakin ƙofa, ya ce in ba shi safar hannunsa.
Na ba shi.
Tun watan jiya na ɗinke babban yatsan.

Akwai wani sabon yaro daga Madarunfa,
ajin farko, sashen noma,
siriri kamar karan dawa, wai shi Sahabi.
Takalmin aro ne, ya cusa takarda a bakinsa don ya zauna.
Na ga ya tari ƙwallo da ƙirji,
ya sauke ta kamar mai ajiye ƙwai a faifai.
Koci Nomau ya cire usur daga baki,
ya manta abin da zai busa.
Ni ma na kama bakina.
Mun sha ganin hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin,
iska ta kai wa wasu.

A rumfar shayin Ɗan Lami kuwa an riga an ci kofi.
An zagaya da shi kan kabu-kabu
daga Zariya har Mokoyo,
an yi faɗa kan wanda zai fara ɗagawa,
an yanka ragon da ba a saya ba.
Mai shayi dai bashi yake rubutawa a bayan kwalin sukari.
Bursu bai fito ba, wata na uku ke nan,
'yan bayanmu huɗu da gari da ƙuli suke kwana,
da safe kuma a ce su tare mutum.

Nomau bai yi musu alkawarin komai ba.
Ya ce, ku zagaya sau goma.
Suka yi takwas, suka dube shi.
Ya ce, Damagaram sun yi sha biyu.
Ta ina ya sani? Bai sani ba.
Suka yi sha uku.

Shekarata bakwai ina wankin nan.
Na san ɗacin zufar wanda aka ci,
na san rigar da aka jefo mini daga nesa
da wadda aka ninke aka miƙo da hannu biyu.
A wannan wata kaɗai kowa ke da sifili,
mu da su, ba mai bin wani bashi.

Asabar za mu gwada ƙafa da samarin Tibiri.
Na wanke lamba tara sau biyu,
na shanya ta ita kaɗai a igiyar bayan ɗaki.
Ɗazu yaron Madarunfa ya wuce zai sha ruwa,
ya rage tafiya.
Ta yi masa yawa a kafaɗa, na auna da ido.
Ina da allura.