Abin da Na Saya a Garejin Graciete

Shekara uku ina gasa burodi da dare a Braga,
fulawa a gashina, fulawa a farcena,
ina jefa yuro cikin gwangwanin biskit
saboda jar motata mai kujera biyu,
wadda ta girme ni da wata bakwai.

Na zo da takarda, rubutun jan biro:
turbo babba,
salansa mai ruri,
da fiffike a baya irin na 'yan tsere.

Graciete ko kallon takardar ba ta yi ba.
Hannunta baƙi ƙirin,
tabaraunta ɗaure da waya a kunne ɗaya.
Ta zagaya motar sau biyu, baki gum,
ta durƙusa, ta shafa taya da ɗan yatsa,
ta ce, "Telmo, wannan ta fi mijina sanƙo.
Shiga, ka ja mu."

Muka hau Falperra da hantsi,
kwaltar tana sheƙi, ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba.
Hawa daɗi.
Injin yana waƙa, ni ina amshi,
ina satar kallonta ko za ta yaba.
Ita tana cin tuffa.

A gangara ta ce, "Taka birki."
Na taka.
"Saki. Taka."
Kwana ta uku, kwana ta huɗu,
a ta shida ƙafata ta nutse
kamar na taka kwaɓin da ya kwana.
Ƙauri ya cika mana hanci.
Katangar dutse ta taso mana tana girma,
har na ga gansakukar da ke jikinta,
na ga wani ɗan katantanwa.

Muka tsaya. Saura taku biyu.

Ta jefar da ƙwallon tuffar ta taga.
"Doki nawa ka ce kana so a ƙara?"
Na ce sittin, muryata ba tawa ba.
Ta ce, "Waɗanda ke ciki ma
sun tsinke linzami tun bara."

A gareji ta juya takardata ta baya,
ta lashi bakin fensir.
Birki, gaba da baya, da man da ba ya tafasa.
Tayu huɗu masu kama ƙasa.
Shokozoba, don nawa sun mutu a tsaye.
Robobin ƙafa, takwas, kowane bai kai lemo ba.
Ta ja layi, ta tara.
Abin da ya rage a gwangwanina
bai wuce kuɗin fetur da kofi biyu ba.

Na ce, "To salansar fa? Ko ita kaɗai."
Custódio, mai sanƙon, daga ƙarƙashin wata mota
ya yi dariya har sifana ta faɗo masa a ƙirji.
Ta ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai.
In ƙara kake so, maƙwabcina na sayar da zakara."

Kwana tara motar na rataye a sama,
ni ina zuwa aiki a bas,
ina fushi da tanda, ina ƙona gefen burodi.

Ran da na karɓo ta
ba wanda ya waiwayo a unguwarmu.
Launi ɗaya, murya ɗaya,
ƙanwata Iolanda ta ce, "Wanke ta suka yi?"

Asubar Lahadi, na tashi aiki,
ban je gida ba.
Na hau dutsen ni kaɗai, hazo har gwiwa.
Kwana ta shida ta zo,
na taka,
motar ta durƙusa, ta saurare ni,
ta juya inda idona ya juya.
Katangar ta wuce ta gefena tana barci.

Na sauko da burodi biyu masu zafi a kujerar gefe.
Garejin a rufe.
Na rataya musu a marikin ƙofa.

Tsohuwar takardar tana nan a aljihuna.
Turbo bai gogu ba tukuna.
Jiya na wanke gwangwanin,
na jefa yuro biyu, na ji ƙararsu a ƙasa.