Ta Huɗu

Baskara, Ba'indiyen injin casar shinkafa na Auyo,
ranar da bel ya tsinke, muka rasa abin yi,
ya zauna kan buhun ɓuntu, ya ja layi uku da kara.
Ya ce a ilimin mutanensu ɗaki uku ɗan Adam ke zagawa:
farke, mafarki,
da barcin da ko mafarki ba ya leƙawa.
Na ce wannan ai ko kakata ta sani.
Ya yi dariya, ya dafa ƙasar da zanen ke kanta.
Ya ce, ga ta huɗu, Turiya sunanta,
ita ba ɗaki ba ce.
Na ce Allah ya kyauta, na tashi alwala.

Daren nan ni ke gadin famfo a fadama.
Sauro na ta rabon gado a ƙafata,
kwaɗi sun kafa kasuwa,
injin na tari kamar tsoho ya sha taba.
Ni ne Ilu, mai bashin taki buhu biyu.

Ban san sa'ad da na zame ba.
Sai ga Baba, shekara tara da rufe shi,
yana auna tumatir a Gujungu da hularsa,
yana min faɗan na bar kunya ta sha ruwa da yawa.
Na ji kunya har ƙashi,
alhali gangar jikina na jingine da ɗorawa.

Daga nan, ɗif.
Ba Baba, ba bashi, ba fadama.
Ba Ilu.

Kiran assalatu ya tsamo ni.
Na yi miƙa, na ce kai, na yi barci mai daɗi,
ban san komai ba.
Nan harshena ya cije.
In ba na nan, wa ya ɗanɗani daɗin?
Wa ya zauna gadin rashin sanin
har ya kawo min labari da asuba?

Ban da amsa. Ni manomi ne,
na bar wa Mai sani saninsa.
Na dai miƙa hannu na kashe injin.
Shirun da ya bayyana ba baƙo ba ne,
nan ya kwana, ƙarƙashin ƙarar,
bai ce uffan ba.
Ruwa ya ci gaba da bin kwalbati.
Na ɗebi na alwala, da sanyinsa.