Ramuka Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙu a Groningen,
keke ɗaya, jaka biyu, iska kullum a gaba,
in na juya, ita ma ta juya.
Ban taɓa kula da abin da nake zaune a kai ba
sai da ya fara cizo.

Ciwon ya shigo a hankali, ba ko sallama.
Da fari zugi bayan gada ta uku,
sai cinya ta riƙa mutuwa,
har na koma tuƙi a tsaye kan feda
kamar yaron da ya makara makaranta.

Na sayi sirdi mai soso, faffaɗa kamar kujerar falo.
Kwana uku ina yabonsa. Ran na huɗu
na sauka ina tafiyar agwagwa,
Hidde mai kifi yana dariya har da riƙe ciki.
Na sayi mai tsaga a tsakiya.
Na ɗora fatar tunkiya, ruwan sama ya sauko,
na wuni zaune kan jiƙaƙƙiyar tunkiya.

Sai Sjoukje, mai shagon gyara a bakin ruwa,
hannu baƙi da man kaca, fensir a bayan kunne.
Ko sirdi ɗaya ba ta nuna mini ba.
Kwali ta shimfiɗa kan benci, ta ce, Zauna.
Ɗaga gwiwa. Sunkuya kaɗan. Tashi.
Na tashi na bar ramuka biyu
kamar sawun babban yatsa a ƙullun burodi.
Ta auna: santimita goma sha uku da rabi.
Ta ce, Ga ƙasusuwan da ke ɗauke da kai tun ka koyi zama,
su za ka nema wa masauki, ba tsoka ba.
Taushi mayaudari ne, Tjeerd. Kai ka nutse,
shi ya taso ya danne inda bai kamata ba.

Na ce akwai wani a gida, na fata,
kan keken Marrit, ƙarƙashin matakala,
shekara huɗu ba wanda ya taɓa.
Ta dube ni jim, ta ce, Gwada.

Daren nan na kwance shi da sifana,
na goge ƙura, na shafa masa mai.
Fatar ta yi duhu, ta lotsa wuri biyu,
na hagu ya ɗan fi zurfi,
don haka take zama, a karkace, tana ba ni labari.
Na hau, daga ƙofa zuwa kasuwar kifi kawai.
Bai karɓe ni ba.
Ramukan nata ne, sun fi nawa faɗi da yatsa guda,
ina zaune a gefen gurbinta
yadda har yau nake kwana a gefen gado.
Na mai da shi inda yake, na ɗaure noti da kyau.

Sjoukje ta ba ni sabo, mai tauri kamar katako.
Ta aza ma'aunin magina har kumfa ta tsaya tsakiya,
ta sauke shi da kaurin ɗan yatsa, ta ja shi baya kaɗan.
Ta ce, Kilomita ɗari biyar za ku yi kuna faɗa,
daga nan ku shirya.

Mun ko yi faɗan,
cikin yayyafi, kan titin bulo mai girgiza haƙora.
Ranar da muka shirya, ban sani ba.
Wata safiya dai na kai Garnwerd,
na tsaya kallon shanu suna fitar da tururi ta hanci,
sai na lura tun daga gida ban tuna da shi ba.

Na sauka, na shafa da tafin hannu.
Ramuka biyu sun fara fitowa,
na dama ya ɗan fi zurfi.
Ashe ni ma a karkace nake zama,
wajen da take tuƙa nata.