Fitila a Kaikaice

Shekara tara na yi a situdiyo a Fagge
ina goge wa mutane ƙuraje.
Ɗan takarar kansila ya ce in ɗauke masa tabon goshi,
na ɗauke, ya biya,
ya je ya manna fuskar a bangon Ƙofar Wambai,
fuskar da ko uwarsa sai ta duba sau biyu.

Ranar da na kama aiki a gidan adana kayan tarihi
Malama Tabawa ta miƙo mini safar hannu
ta ce, "Nan ba a yi wa kowa kwalliya.
Raunin muke so."

Ta ajiye akushi a kan ƙyalle mai ruwan toka.
Baƙi wuluk, baki ya ɗan ɓantare.
Katin launi a damansa,
ma'auni a gabansa,
lamba a ƙirjinsa kamar wanda aka kamo daren jiya.

Ɗauki sama. Ɗauki gindi.
Juya shi sau huɗu, da hannu biyu,
kada ka kama ta baki.
Ina cikin na uku aka ɗauke wuta.
Muka zauna a duhu muna jin Ɗangambo
yana lallashin janareta a bayan ɗaki,
kuma da hasken ya dawo ba shi ne na ɗazu ba,
ya yi ɗorawa-ɗorawa,
sai da na sake nuna wa kyamara farin kati
na koya mata fari tun daga farko.

Sannan ta kashe fitilar sama.
Ta kwantar da guda ɗaya ƙasa-ƙasa,
ta haska shi a kaikaice
yadda hantsi ke lasar katanga.

Ashe akushin ba sumul yake ba.
Ga sawun gizago, sara bayan sara,
masassaƙin bahago ne, in ji ta, dubi inda suka karkata.
Ga ramukan gara, bakwai, na ƙirga.
Ga wani lotsi a gefen baki
daidai babban yatsa,
inda wani ya riƙa riƙewa yana miƙa wa wani tuwo
har itace ya gaji ya ba shi wuri.

Ga kuma tsaga, daga baki zuwa ciki,
an ɗinke ta da waya.
Ɗinki goma sha ɗaya.
Na takwas ya kauce,
kamar an kira mai ɗinkin daga soro
ya amsa bai ɗaga kai ba.

Yatsana ya yi ƙaiƙayi.
Minti biyu ya ishe ni in shafe tsagar nan.
Malama Tabawa ko kallona ba ta yi ba,
ta ce, "Sa masa suna."

Lamba, kwanan wata, gefe na uku,
sai kalmomi biyu a ƙarshe: kafin gyara.
Na zuba a kwamfuta, na zuba a faifai biyu,
ɗaya zai kwana a wani gini daban,
ita kuma ta rubuta da biro a babban littafi,
wai ta ga kwamfuta ta mutu,
ba ta taɓa ganin littafin nan ya suma ba.

Bayan isha'i na koma gida Yakasai.
Baba na kan tabarma, ya miƙe ƙafa,
rediyo na magana shi kaɗai.
Na kunna fitilar waya,
na kwantar da ita a ƙasa daidai duga-dugansa.

Faso ya fito, rami-rami,
shekara arba'in na zirga-zirga tsakanin gida da Kurmi.

Ya ce, "Me kake nema a ƙafata?"
Na ce, "Kada ka motsa, Baba."