Bayan Darduma

Ranar Talata, ruwa na tsiyaya a Halifas,
na naɗe dardumar Winifred, na saɓa a kafaɗa.
Direban bas ya dube ni, ya dubi kayana,
ya nuna mini wajen da ake ajiye keken jarirai.

Shekara huɗu ina yi mata wanka, ina ƙirga mata ƙwayoyi,
ina yanke mata farce a kan wannan shimfiɗa.
Da ta cika, ɗanta ya kwashe agogo da cokulan azurfa,
ya ce, "Tsumman nan naki ne, haka ta bar wasiyya."

Shagon Dariyush yana ƙarƙashin bene,
ƙamshin shayi da ulu, ga hita tana tari.
Na baje ta, ina jira ya yaba furanninta.
Ko kallonsu bai yi ba. Kife ta ya yi.
Ya ce, "Fuska ta baƙo ce. Gaskiya tana baya."

Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara,
ya kafa madubi a ido, ya aza ɗan ma'auni,
leɓɓansa na motsi kamar mai jan carbi.
"Inji ba ya gajiya, ba ya tunanin gida,
layinsa a jere yake kamar haƙoran matsefi.
Wannan kuwa, duba, ƙulli ya karkace nan,
can ya matse, can ya saki.
Mutum ne."

Ya tsinko zare guda, ya ƙyasta ashana.
Ƙauri ya tashi, na babbakar kan rago,
har na ji yunwar gida ta murɗa mini ciki.
"Ulu ne," ya ce. "Da roba ce, da ta dunƙule."
Ya jiƙa farin ƙyalle, ya goga a kan jan,
ƙyalle ya dawo fari fat.

Sai ya tsaya inda shuɗi ya sauya,
sama kamar dare, ƙasa kamar asuba.
Ya buɗe baki zai yi bayani, na riga shi:
"Baba ne ya ƙare, aka sake haɗa tukunya.
Kakana marini ne a Rano,
har aka binne shi hannunsa bai koma nasa ba."
A nan ya ɗago kai. A nan ya tambayi sunana.

Ya ce daga ƙauyukan Hamadan ta fito,
ta ba shekara tamanin baya,
kuma hannu biyu ne suka saƙa ta:
na dama ƙwararre, na hagu ɗan koyo,
wataƙila uwa da 'ya a kan benci ɗaya.
Ga tsuntsu a kusurwa mai ƙafa uku.
Yarinyar ce. Uwar ta gani, ta bar mata.

Sannan ya mai da ita rigingine, ya yi tsaki.
Gurbi biyu, kusa da juna, gashi ya cinye,
farin zaren tsaye ya leƙo kamar ƙashi.
"Wannan ne ya karya ta. Da dubu biyu ce.
Yanzu fam ɗari uku da hamsin,
ko ki biya ɗari huɗu in cike mata ramin."

Na san gurbin nan.
Nan dugadugan Winifred suke sauka
gaban kujerar da ke fuskantar taga,
tana jiran mai wasiƙa, tana cewa ba jira take ba.
Nan nake tsugunawa in sa mata safa.

Kuɗin haya yana bina, ban ɓoye wa kaina ba.
Na tsaya ina lissafi har shayin ya huce.
Dariyush bai matsa ba. Shi ya naɗe ta,
gashi a ciki, ya ɗaure da igiya,
ya ce, "Ki nisanta ta da rana da asu."

Da dare na shimfiɗa ta gaban gadona.
Na cire takalma, na taka gurbin biyu.
Ƙafata ta fi tata girma kaɗan.