Batir da Bataliya

Hurera ta dawo daga makaranta da kalma ɗaya,
malama ta ce a nemo mata asali.
"Battle," in ji ta, harshenta na tuntuɓe a tsakiya.
Ni ina shago a Kakuri,
hancina cike da hayaƙin dalma,
hanjin wata tsohuwar rediyo a baje gabana.

Na ce, faɗa ke nan.
Ta ce, wane iri, Kawu?
Na zakaru, ko na 'yan acaɓa a kan fasinja?
Na yi shiru. Yarinyar ta kama ni.

Muka jawo ƙamus ɗin nan
da bangonsa ya yage tun masaƙa na busa jiniya.
Ya ce kalmar ta ratso ta bakin Faransawa,
su ma aro suka yi wajen Rumawa,
kuma can a saiwarta babu tuta, babu kaki,
duka ne zalla,
irin na maƙeri da ƙarfe,
irin na mai bugu da shadda.

Kofur Tanimu na kan benci yana jiran rediyonsa,
ƙafar hagu a miƙe, ba ta lanƙwasuwa.
Ya ce, duba min bataliya.
Na duba. Uwa ɗaya.
Ya ce, to, shekara sha tara
ashe sunan gidanmu duka.

Hurera ta ɗauki batir daga tebur tana juyawa,
ta ce, wannan fa? Kamar da kama.
Na yi dariya, na buɗa don in ƙaryata ta.
Ƙamus ya goyi bayan yarinya:
jerin igwa aka fara kira haka,
kafin sunan ya sauko
ya shige cikin tocila.

Na ce, mu ma ai ba matalauta ba ne,
muna da artabu, da gumurzu, da arangama,
ga ɗauki-ba-daɗi.
Su kuwa har mai jinya
sukan ce yana wannan kalma da ciwonsa,
har mai neman kujera, har 'yan ƙwallo.

Kofur ya murza gwiwa.
Ya ce, duk wannan na masu ba da labari ne.
Ranar da abin ya same mu a bakin gada
ban ji wanda ya kira shi da suna ba.
Sunan uwarsa kowa ke kira.

Na ɗaure sukurori, na zura batir biyu.
Rediyo ta yi tari, ta fara labarai,
an yi gumurzu a wani wuri.
Ya miƙo hannu ya murɗa ta
har ya faɗa kan masu gaishe-gaishe.

Hurera ta sunkuya kan littafi.
A gurbin ma'ana ta rubuta duka.
A gurbin misali ta daɗe tana tauna biro,
tana kallon ƙafar Kofur
yana ja da ita zuwa titi.